Masinja Ya Zo Sau Biyu

Abdulwahid ya tsoma buroshi a tawada ya rubuta KANO a jikin huhun goro, 'yan dakon tashar Agege suka ɗaga suka yi cikin tarago da shi. Ya goge hannu ya jawo na gaba.

Wata uku ke nan da ya gama kwaleji a Ikko, a shekarar 1951. Wani kamfanin fatu ya yi wa samari jarrabawa, shi ya zo na ɗaya, aka ce ya koma gida ya jira masinja zai kawo masa takardar kama aikin akawu. Gurbi ɗaya ne tak. A duk zuriyarsu, tun daga kakansa da ya yi soja har ubansa Malam Hamidu mai fataucin goro, ba wanda ya taɓa zama a kan kujerar ofis.

Zaman jira ba ya cikin jininsa. Da ya ga yadda kayan fatake ke ɓata a hanya saboda rashin rubutun boko, sai ya kafa benci a tasha. Da safe ya rubuta sunan mai kaya da garinsa a jikin huhu, da yamma ya tara 'yan dako yana koya musu baƙaƙe. Har mahauta suka fara leƙowa da jini a riga, suna tsokanarsa da Oga Akawu tun aikin bai zo ba. Yana dariya, amma abin yana yi masa daɗi.

Akwai kuma wani dalilin da ba ya faɗa. Gidan ne ba ya zaunuwa.

A Idi-Araba ya tashi, hannun kakarsa, sai da ta rasu bara ya dawo gidan ubansa. Uban kuwa rabin shekara yana Arewa. Ba kowa a gidan sai Zuliha, matar Malam Hamidu. In Abdulwahid ya shigo ta ƙofa, ita ta shige madafa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Tuwo a bakin ɗakinsa yake tarar da shi a rufe, farar rigarsa a wanke a ninke, ba wanda zai yi wa godiya. Shi da ya saba da makaranta, inda kowa ke faɗin abin da ke ransa, wannan shirun yana cin sa.

Wata rana yana cire takalmi ya ji ta ce wa tukunya, "An dai zo neman wani yau." Ya ɗan jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba. Ya ce a ransa masu goro ne, ya shige ɗaki.

Damina ta wuce. Abokan karatunsa duk suka kama aiki, ɗaya har ya biyo ta tasha da sabon keke. Mahauta suka daina kiran sa Oga Akawu, don tausayi, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo. Ya rame. In jirgi ya tsaya sai ya bi masu kaki irin na masinja da ido har su ɓace.

Ranar wata Litinin haƙuri ya ƙare, ya hau jirgi zuwa Ikko. Babban akawun kamfanin, wani dattijo Bayarabe mai jin Hausa, ya buɗe aljihun tebur ya fito da ambulan da sunan Abdulwahid a jiki, gefensa duk ya yi datti.

"Ah, kai ne? Sau biyu masinja ya je Agege. Gidan daidai ne, amma matar gidan ta ce ba ta san ka ba. Oga ya jira sati uku, ya ba wanda ya zo na biyu. O ti tan, ya ƙare."

"Ba wani gurbin, ranka ya daɗe?"

"Sai dai in wani ya mutu."

Bai san yadda ya dawo Agege ba. Ya wuce bencinsa bai kalle shi ba. Mutumin da ya yi wata shida yana kai kayan mutane ga masu su, tasa takardar ta zo har ƙofa ta koma. Ya faɗa gida ba sallama, ya tarar da Zuliha tana tsince shinkafa tare da Talatu, tsohuwar maƙwabciyarsu. Ya jefa ambulan a cikin faifan.

"Me na yi miki? Ki faɗa mini yau, me na tare miki a gidan nan?"

Zuliha ta ja mayafi ta rufe fuska. 

Talatu ce ta miƙe. "Kai, rage murya. Ina nan aka yi, duka biyun. Mutumin ya tsaya a ƙofa, ga mata cike da tsakar gida, ya ɗaga murya ya kira sunanka, ya ce ta faɗa da bakinta ko ta san ka. Ba ta san abin da ke cikin takardar ba. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, ta rasa ta inda za ta gaya maka. Boko ya sa ka manta da kunya ne? Me kake so ta ce masa?"

Abdulwahid ya zauna a ƙasa.

Shi ne ɗan Zuliha na fari, kuma tun ranar da ta haife shi, shekara ashirin da biyu, ba ta taɓa amsa wa kowa cewa ta san shi ba.