Ranar da Aka Rufe Manhajar

"A rufe manhajar," in ji sabuwar injiniya a ɗakin taron kamfani. "A mayar da komai shafin intanet."

Aikin kamfanin shi ne haɗa marasa lafiya da likitoci ta waya, kuma manhajar ce abin tinƙahonsa. Babban injiniyansu ne ya gina ta da hannunsa kafin ya rasu bara. Har gaisuwar da ke tarbar mutum in ya buɗe ta, muryarsa ce. Hotonsa na rataye a bango, sabuwar injiniyar kuwa kullum kujerar da ta ba shi baya take zaɓa.

Dogo, wanda ya yi wa marigayin mataimaki, ya buga tebur. "Daga zuwanki sai rushe gida? Kin ma san wanda ya gina ta?"

Manaja ya buɗe baki zai yi magana, ta girgiza masa kai.

"Uwar da ɗanta ke zazzaɓi ba za ta tsaya goge hotuna don manhaja ta samu wuri a wayarta ba," ta ce. "Shafi kuwa, kowace irin waya, latsawa ɗaya ta ga likita. Can duniya ta nufa. Ku ji haushi in kun so."

Sun kuwa ji. Aka daina amsa gaisuwarta, aka sa mata suna Gatari. Wani ya ɗauke kujerarta ya kai bakin ƙofa, ta zauna a can ta ci gaba da aiki. Duk inda manhajar ke tuntuɓe ta san shi, tun kafin a nuna mata. Dogo ya ce ai mai neman laifi ba ya rasawa.

Da aka gwada shafin, mutanen da ba su taɓa iya sauke manhajar ba suka yi ta shigowa. Manaja ya sa ranar rufewa. Dogo ya tare ta a matakala, idonsa jajur.

"Ko muryarsa ki bar mana."

"Shafin ya yi nauyi, mai ƙaramar waya ya yi ta jira? Shi da kansa ba zai yarda ba."

"Ke ba ki da zuciya."

"Na ji."

Ranar, babu wanda ya yarda ya danna maɓallin rufe manhajar, sai ta ce ita za ta danna, a ba ta minti kaɗan. Ta sauka ta shiga motarta, ta ɗaga gilashi, ta buɗe manhajar. Ta kara wayar a kunne, ta saurari mijinta yana yi mata barka da zuwa a karo na ƙarshe.