Maginin da Ya Mayar da Ƙasa Cikin Harsashinsa

Ka ce ba ka ga amfanin auna abin da ba wanda zai iya hana shi ba. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani tsohon magini, shekararsa arba'in yana gini, bango bai taɓa faɗuwa da sunansa ba. Mutanen garin suka ɗora masa aikin makarantar 'ya'yansu. Ya zaɓi wani shimfiɗaɗɗen fili kusa da kasuwa, mai taushin haƙa, aka yi wata huɗu ana gayya har aka gama haƙa harsashi. Ana shirin zuba kankare sai ga wata mata masaniyar ƙasa ta sauka a garin. Ta bi unguwa-unguwa tana binne wasu ƙananan na'urori, kowace ba ta wuce gwangwanin madara ba, suna jin motsin ƙasa suna aika shi cikin kwamfutarta. Da ta zo filin makarantar sai ta durƙusa ta gaida tsohon, ta ce, "Baba, don Allah ɗauko gudumarka ka biyo ni." Ta kai shi kan tudun dutse a bayan gari, ta ce ya doki ƙasa. Ya doka. Wani siririn zare a fuskar kwamfutar ya yi tsalle sau ɗaya, ya kwanta. Suka dawo bakin harsashinsa, ya sake dokawa. Wannan karon zaren ya yi ta kaɗawa kamar kunu a ƙwarya, ya ƙi tsayawa har tsohon ya gaji da kallo. Sai ta buɗe masa taswirar garin: ga wata jar hanya ta ratsa ƙarƙashin filin nan, tsohon kogi ne da yashi ya binne tun kafin kakannin kakanninsu su sari dajin. Daga nan ta nuna masa abin da ya ɗaure masa baki. Ba mai guduma, ba mai tafiya, amma zaren yana rawa a hankali shi kaɗai, domin can ƙasa, nisan da rijiya ba ta taɓa kaiwa ba, duwatsu biyu masu girman ƙasashe suna goga kafaɗa. Tsohon ya zauna a bakin ramin ya dafa ƙasa da tafinsa, ya ce, "Subhanallahi. 'Yata, ashe duk rayuwata a bayan abu mai motsi nake gini." Washegari ya ce a mayar da ƙasa cikin harsashin. Gari ya ɗauka da surutu. Masu gayya suka nuna masa kantar hannuwansu, wasu suka ce tsufa ya kama shi, wasu suka ce baƙuwa ta juya masa kai da akwatin hoto. Bai yi musu da kowa ba. Ya ɗauki diga ya hau tudun dutsen ya fara sara shi kaɗai, har kunya ta kawo sauran ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaure ginshiƙai da rodi tun daga tushe har sama, ya yi rufi marar nauyi, ya ba kowane aji ƙofa biyu masu buɗewa waje. Ita kuma matar, kafin ta tafi, ta haɗa na'urorinta da wayoyin mutane da lasifikar makaranta, ta koya wa malamai abin da za a yi idan wayoyin da lasifikar suka yi kuka.

Shekara tara ƙasa ba ta ce uffan ba. Yaran da suka fara koyon shiga ƙarƙashin tebur suka girma suka bar makarantar, wasu suka zo. A filin da aka bari wani ya gina babban ɗakin ajiyar hatsi, yana dariyar masu tsoro. Maginin ya ajiye aiki, idanunsa suka dushe. Sai wata Talata da hantsi, wayoyin gari suka ɗauki kuka lokaci ɗaya, lasifika ta amsa. Tazarar da ke tsakanin kukan da girgizar ƙasar ba ta wuce ta karanta Fatiha ba, amma ta isa: mai tuya ta ja da baya daga kaskon mai, mai aski ya ɗage askarsa, malamai suka ce "ƙasa!" yara suka shige ƙarƙashin tebura suka riƙe ƙafafunsu. Sannan abin ya iso. An fara jin sa a ƙirji kafin a kunne. Ruwan rijiya ya yi tsalle ya fito baki, bishiyoyi suka yi ruku'u ba iska, duwatsun da aka haifi kowa aka tarar da su suka yi ruri kamar hadari. A filin kasuwa ƙasa ta tsage tana aman ruwa da yashi, ɗakin hatsin nan ya nutse har tagoginsa, ya karkace ya rufta, Allah ya sa masu dako sun riga sun fice. A kan tudu kuwa makaranta ta girgiza, shafenta ya zube, gilasai suka farfashe, amma ta tsaya. Da ƙasa ta lafa iyaye suka hau tudun a guje, babu takalmi, babu mayafi. Suka tarar da yara a jere a fili, malamai suna kiran suna, kowane suna ana amsawa. Matar maginin ce ta riƙo hannunsa ta hau da shi. Ya tsaya a gefe, ba ya ganin fuskoki, yana dai sauraron "Na'am, na'am," har aka kai na ƙarshe, hawaye na bin gemunsa.

Ka ga, malam, ba wanda ya hana ƙasa motsi ranar nan, kuma ba wanda zai iya ƙara wa bango rodi yana cikin rawa. Abin da ya tsaya a waccan Talatar, an tsayar da shi shekara tara baya. Shi ya sa Hausawa suka ce: tun ran gini, tun ran zane.