Fatar da Bature Ya Jefar

"Baba, gwajin jininku ya nuna da wuya maganin ya kama," in ji likita, idonsa a kan takarda. "Ciwon dajin kaluluwar nan ya yi nisa. Gara ku koma gida ku huta."

Dattijon, wanda ya shekara ashirin yana jima a kamfanin fata na Challawa, ya sunkuya ya tuɓe takalminsa, ya ɗora a kan takardar.

"Ka ga wannan? Baturenmu ya duba fatar da aka yi shi da ita ya jefar, wai ba za ta jemu ba. Na tsince ta, na jeme da hannuna. Bana shekararsa tara a ƙafata."

Ya naɗe hannun riga.

"Ɗaura min ruwan maganin, yaro."