Yatsu Uku

"Rufe ido," in ji sistan asibitin mishan. Ta shafa auduga a yatsuna uku na dama. Ban ji komai ba.

A ƙauyenmu kowa ya san ma'anar yatsan da ya daina ji: kuturta. Za a ware maka kofi, yarinyarka ta canja hanya, aikina na buga tafireta a kwaleji kuma sai labari.

"Sista, audugarki ce ta mutu," na ce. Wasan a baki kawai yake.

Ta duba bayana tana neman tabo, ba ta ga ko ɗaya ba. "Kai ni ofishinka."

Daga asibitin a Kafanchan har kwaleji ina addu'a kada ta ce kuturta ce a gaban mutane. Ta sa na zauna a teburina na buga layi biyu a tafireta. Teburin na wani dogon Bature ne da ya koma gida, ni kuwa tsawona ba na alfahari ba ne. Shekara biyu ina bugawa hannu a sama, wuyan hannu a danne a bakin katako.

Ta yi wa masinja raɗa. Can sai ga kafinta da zarto.

Na tusa hannuwana ƙarƙashin cinya. "Baba, wa za a yanka?"

"Tashi, ɗana, ɗauke injinka."

Ya kifar da teburin, sista ta auna gwiwar hannuna da zare, ta nuna masa. "Ba kuturta ba ce," in ji ta, "teburin ne ke danne maka jijiya." Inci huɗu kafintan ya cire daga kowace ƙafa.