Wake Mai Wari

Rahmatu na watsa toka, mijinta Maliki na tsince ƙwari masu wari daga ganyen wake. Haka suka ƙare damina, har warin hannunsu ya hana su jin daɗin tuwo. Maƙwabcinsu Lawwali kuwa ya bar gonarsa ga ƙwari, mutanen garin Illela na kiransa rago.

Da kaka sojojin Nasara masu shata iyaka suka zo neman abinci. Suka shinshina waken Lawwali, suka tofar da yawu. Rumbun Maliki suka kwashe tas.

Damina ta zagayo, Rahmatu ta ga Maliki da ƙwarya cike da ƙwari.

"Maigida, mi za ka yi da su?"

"Iri ne. Wurin Lawwali na roƙo, gonarmu zan zuba."