Wa Zai Rubuta Babi na Ɗaya?

"Babi na ɗaya, mene ne intanet," in ji Malam Abdulganiyu, yana ta zagaya ɗakin malamai, murna ta hana shi zama.

Madam Theresa, malamar lissafi, ta tafa hannu. "Na biyu kuma yadda ake gina shafi tun daga tushe, da Hausa mai sauƙi."

A 1999 ne kwamfuta ta farko ta iso makarantarsu a Gumel, su biyun suka ɗauki alkawarin rubuta littafin gina shafin intanet don 'yan koyo. Shugaban makaranta har ya sanar wa iyaye cewa ƙarshen zango za a ƙaddamar da shi.

Suka zaɓi launin bango, suka yi gardamar sunan wa zai hau sama, suna ta dariya. Abdulganiyu ya gyara hula, yana gwada tsayuwar hoto.

"To Madam, ki fara bayani, ni in zuba shi a Hausa."

Theresa ta dube shi. "Ni? Ba kai ka yi kwas a Kano ba?"

"Kwas ɗin na buga tafireta ne. Ke da kika zo daga Jos, na ɗauka can kowa ya iya."

"Malam, ban taɓa ganin intanet da idona ba."

Can sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Littafinmu ya samu masu karatu biyu, saura marubuci."