Kantar Hannun Barira

"Ba zan tsoma ba, Malam," in ji Barira, ta mayar da hannuwanta baya.

Tun da doka ta ce inji kaɗai zai riƙa ƙera kaya, ajin koyon sana'a ya koma wurin danna maɓalli. Kowace Litinin ana duba tafin hannun ɗalibai. Wanda aka samu da kanta, sai ya tsoma hannu a ruwan da ke goge ta. Barira kuwa ta daɗe tana sassaƙa turmi a ɓoye da gizagon kakanta.

Malam Tanimu, tsohon kafinta, ya matso da kwanon ruwan. Tafinsa sumul kamar na jariri.

"'Yata, ba zafi. Ni ma na tsoma."

"Na sani, Malam. Jiya da ƙusa ta fita daga bencinmu, na ga ka ɗauka kana jujjuya ta, ka rasa ina ne kanta."

Ya sunkuyar da kai, ya buɗe mata ƙofa.

Ranar aka kori Barira, ana dab da jarrabawar ƙarshe. Ba takardar shaida, kuma ba makarantar da za ta sake karɓarta. Ta tafi gida da kantarta.